Kwana biyar a Alƙahira: yadda na zaga birnin, da inda na yi asarar lokaci

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Alƙahira ɗayan uku ne ke kai su: karatu a Azhar, ganin likita, ko yada zango a hanyar Saudiyya. Wanda ya je don ganin gari kawai da wuya ya samu mai yi masa bayani tiryan-tiryan. Na je a watan Fabrairun 2025, na yi kwana biyar cur ina yawo, kuma kusan kwana ɗaya da rabi a ciki a gyaran kuskure ya tafi. Tushen kuskuren ɗaya ne. Wuraren da muka taso muna jin sunayensu, dalar Fir'auna da gawarsa da Azhar da kabarin Imam Shafi'i, a kunne kamar a unguwa guda suke. A ƙasa kuwa kowanne da kusurwarsa, tsakaninsu ga kogin Nilu, ga cunkoson motocin garin da ke ɗauke da mutum sama da miliyan 20, wasu kayan tarihin ma an kwashe su daga inda aka san su.

Biza ce farko. Mai fasfon Najeriya ya nemi bizarsa tun daga gida, kada ya dogara da abin da zai karanta a intanet cewa ana sayen biza a filin jirgi, don wannan sauƙin ba kowane fasfo ya shafa ba. Abin da na haɗa shi ne fasfo da ya rage masa fiye da wata shida, hotuna biyu masu farin bango, bayanin asusun banki na wata shida da hatimin banki a kai, takarda daga wurin aiki, shaidar kama ɗaki a otal, da shaidar tikitin zuwa da dawowa. Na bi ta hannun wani kamfanin tafiye-tafiye, shi ya kai takardun Abuja. Ma'aikacin kamfanin ya ce mini, "Alhaji, kwana goma ya yi yawa." Na yarda, na biya kuɗin tikiti mai tsayayyar rana. Fasfo bai dawo hannuna ba sai bayan mako uku, dole na biya tarar sauya ranar tafiya. Abin da ya kamata shi ne a kama kujera a karɓi takardar shaida, a jira biza ta fito, sannan a biya. Sai katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawar nan. Masar na neman sa a wurin duk wanda ya taso daga Najeriya, kuma allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana goma da yin ta, don haka ba abin da ake bari sai ana gobe tafiya ba ne.

Batun kuɗi shi ne wanda ba wanda ya gaya mini. Tun 2023 manyan wuraren tarihi na Masar suka daina karɓar tsabar kuɗi a tagar tikiti, kati kawai ake sawa a na'ura. A lokacin da na je katin naira ba ya aiki a waje, don haka wanda ya cika aljihu da dalar Amurka ya zo ba katin da ke aiki zai tsaya ne a bakin ƙofa yana roƙon wani baƙo ya biya masa ya ba shi tsaba. Na ga ana yin haka, kuma ba kowa ke yarda ba. A tafi da katin Visa ko Mastercard na asusun dala, a gwada shi da ƙaramar sayayya tun kafin a bar gida. Tsabar kuɗi ma tana da nata aikin, don abinci da kasuwa da tasi duk da ita ake yi. Na canza a reshen banki da ke cikin filin jirgi, dala ɗaya ta ba ni fam 50 da 'yan kai. Tun da aka saki farashin fam a Maris 2024 babu wata riba a canjin bayan fage, sai haɗari, domin laifi ne a dokarsu. A roƙi mai canjin ya haɗa da ƙananan takardu na 10 da 20. Su za a riƙa miƙa wa mai tsaron takalma a masallaci da mai kula da bayan gida, abin da suke kira bakshish, kuma wanda ya fito da takardar 200 a irin wannan wuri ba zai ga canji ba.

Jirgin EgyptAir daga Kano bai cika awa biyar ba muka sauka a Tasha ta 3. Agogon Masar yana gaban namu da awa ɗaya a lokacin sanyi, da awa biyu daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba. An duba katin shawara, na cike ƙaramin katin shiga ƙasa da sunan otal da adireshinsa, na bi layin jami'an shige da fice kamar minti arba'in. A rubuta adireshin otal a takarda a ajiye cikin fasfo, don a wannan lokacin waya ba ta da intanet. Kafin fita akwai rumfunan Vodafone da Orange da sauransu, da fasfo ake yanka layi, cikin minti goma an gama. A yanka a nan, kada a ce sai an shiga gari, saboda da layin za a kira mota. Da zarar mutum ya turo kayansa waje direbobi za su yi masa caa. Na farko ya ce mini dala 30. Na buɗe Uber na ga abin bai kai fam 300 ba zuwa tsakiyar gari, wato ƙasa da dala shida. Matsalar ita ce gane motar. Lambobin motocin Masar da alƙaluman Larabci ake rubuta su, irin waɗanda ke kan shafukan Alƙur'ani. Wanda ya yi makarantar allo ya huta, sai dai ya tuna cewa ɗan zagayen nan mai kama da sifili biyar ne, sifilin kansa kuma ɗigo ne.

Na sauka a otal kusa da dandalin Tahrir, kuma har yanzu ina ganin nan ya fi ga baƙo, domin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Sadat tana ƙarƙashin dandalin, inda layi na 1 da na 2 suka haɗu. Washegari da safe na taka da ƙafa zuwa tsohon gidan tarihi mai jan fenti da aka buɗe a 1902, na biya fam 550, na bi ta na'urar bincike, na shiga da niyya ɗaya: ganin gawar Fir'auna. Na hau sama na sauko, na sake hawa. Bayan awa guda na tambayi wani ma'aikaci da Larabcin littafi, ya yi murmushi ya ce, "Fil Fustat, ya hagg." Ashe tun ranar 3 ga Afrilun 2021 aka kwashe gawarwakin sarakuna 18 da sarauniyoyi 4 aka mayar da su sabon gidan tarihin wayewar Masar da ke Fusɗaɗ, can kudancin gari. Ban yi asara gaba ɗaya ba, don a lokacin fuskar zinaren Tutankhamun tana nan, na tsaya layi na gan ta. Amma wanda zai je yanzu ya sani cewa ita ma ta tashi. A Nuwamban 2025 aka buɗe katafaren gidan tarihi na kusa da dalolin Giza gaba ɗayansa, kuma kayan Tutankhamun can suke. Wato gidajen tarihi uku ne a kusurwa uku: gawarwaki a Fusɗaɗ, Tutankhamun a Giza, sauran tsofaffin gumaka da akwatunan gawa a Tahrir. Mai kwana kaɗan ya bar na Tahrir a ƙarshe, in lokaci ya ragu.

Da yammar ranar na yi kuskure na biyu, na ɗauki mota da ƙarfe huɗu da niyyar cin ma Fusɗaɗ. Tafiyar da ba ta wuce kilomita shida ba ta ci kusan awa ɗaya, na isa an daina sayar da tikiti. Daga ƙarfe biyu na rana zuwa bayan isha'i titunan Alƙahira a cushe suke, kuma yawancin wuraren tarihi tsakanin huɗu da biyar na yamma ake rufe su, a azumi ma kafin haka. A daren na kira wani ɗalibinmu na Azhar da aka haɗa ni da shi, mazaunin Madinatu Nasr, inda ɗaliban ƙasashenmu suka fi yawa. Ya saurare ni ya ce, "Baba, garin nan ba a yi masa haka. Unguwa ɗaya a rana, kuma a fita kafin takwas." Da wannan tsarin na yi sauran kwanakin.

Rana ta biyu Giza. Abin lura na farko, tashar jirgin ƙasa mai suna Giza ba ta kusa da dalolin, sai an ƙara kusan kilomita goma a mota. Na biyu, Misirawa ba su san wata dala ba, haram suke cewa, jam'i ahram. Da na ji direba yana ta maimaita "haram, haram" na ɗauka wani abu na yi. Harafin ne daban, ba irin na Harami ba ne. Na isa ƙarfe takwas saura, na biya fam 700 na shiga fili, sannan na yanki tikiti na daban na shiga cikin babbar dala, wanda ya fi na filin tsada. A taga ake yankar duka biyun, ba a sayar da na shiga ciki a gindin dalar, wanda ya manta sai ya koma. A lokacin ta tsohuwar ƙofa ta gefen otal ɗin Mena House aka shiga, amma daga Afrilun 2025 an mayar da babbar ƙofa kan hanyar Fayyum, da motocin bas masu zagawa da baƙi, don haka a gaya wa direba sabuwar ƙofa ake nufi.

Wanda ya san hoton dalar gyaɗa ta Kano ya san siffar, amma girman sai ido. Dalar Khufu ta kai shekara 4,500, tsawonta na asali mita 146, yanzu kimanin 138, kuma dutse ɗaya na layin ƙasa ya kai ƙirjin mutum. Ana shiga ta wani rami da ake danganta haƙa shi ga Halifa Ma'amun ɗan Haruna Rashid. Daga nan sai wani siririn lungu mai hawa, rufinsa bai fi mita ɗaya da 'yan kai ba, a duƙe ake bin sa a kan katako mai sandunan ƙarfe, masu hawa da masu saukowa duk hanya ɗaya. Sai a fito wani dogon zaure mai tsayin rufi sama da mita takwas, a ci gaba da hawa har ɗakin sarki. A ɗakin babu komai sai akwatin dutse wanda ba murfi, ba rubutu a bango, ba zane, ga zafi da ƙarancin iska ko a watan sanyi. Na fito rigata sharkaf, cinyoyina kuma sun yi kwana biyu suna tuna mini. Mai ciwon gwiwa, ko hawan jini, ko wanda ƙuntataccen wuri ke tayar masa da hankali, ya riƙe kuɗinsa. Babbar riga ma a bar ta a otal ranar.

A filin akwai masu raƙuma da dawakai da keken doki, kuma a nan ake yi wa baƙi wayo. Wani zai tare ka da busar usur ya ce a nuna masa tikiti, kamar ma'aikaci, daga ka miƙa sai ya zama ɗan rakiyarka. Wani zai ɗora maka rawani a ka ya ce kyauta ne. Mai raƙumi zai faɗi kuɗi kaɗan, sai an yi nisa cikin rairayi ya ce wancan na hawa ne, na sauka daban. Maganin duka shi ne "la, shukran", wato a'a, na gode, ba tare da an rage tafiya ba. Wanda ke son hawa ya yanke magana tun a ƙasa: nawa, da fam ko da dala, minti nawa, zuwa ina, kuma biya sai an dawo. Ni da na ce wa ɗaya daga cikinsu a garinmu raƙumi kaya yake ɗauka zuwa kasuwa, dariya ya yi ya ƙyale ni. Daga wurin tsayawa na kan tudu, inda ake hango dalolin uku a jere, na gangaro zuwa gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum da suke kira Abul Haul. Awa huɗu ta isa duka. A hanyar dawowa direba zai ce zai biya da kai "gidan tarihin" takardar gargajiya ko na turare. Shaguna ne, yana da kamasho a kan duk abin da ka saya.

Rana ta uku na hau jirgin ƙasa daga Sadat, layi na 1 mai zuwa Helwan, a lokacin tikiti fam 8 ne in tashoshin ba su wuce tara ba. A riƙe tikitin, da shi ake fita. Akwai taragai a tsakiyar jirgin na mata zalla, da alama a dandamali, namiji ya kula kada gaggawa ta jefa shi ciki. Na sauka a Mar Girgis, tasha ta huɗu. Nan ne tsoffin coci-cocin Kibɗawa, Kiristocin Masar, suke, kuma tafiyar minti goma a ƙafa sai ga masallacin Amr ɗan As, wanda aka kafa wajen shekarar 642, masallaci na farko a Masar. Ginin da ke tsaye yanzu an sha sake shi, amma wurin shi ne wurin. A wannan Fusɗaɗ ɗin ne mutanen Kanem suka gina makarantar Ibn Rashiƙ ta Malikiyya a ƙarni na 13, inda alhazansu da ɗalibansu ke sauka, wato zirga-zirgarmu a garin ba ta yau ba ce. Daga masallacin na ɗauki mota zuwa gidan tarihin wayewar Masar, minti goma.

Ɗakin gawarwakin a ƙarƙashin ƙasa yake, bango baƙi, haske kaɗan, hanya ɗaya mai lanƙwasa da ake bi ba a komowa. Ba a ɗaukar hoto, kuma masu gadi ba sa wasa da wannan. Kowane sarki yana kwance cikin akwatin gilashi, an lulluɓe shi da farin ƙyalle, kai da ƙafafu a waje, wasu da hannuwa a harɗe kan ƙirji. Ramsis na Biyu yana nan da ƙugiyar hancinsa da sauran gashi a ƙeya mai launin lalle. Babu allon da aka rubuta "wannan ne Fir'aunan Annabi Musa", kada a ɓata lokaci ana nema. Fir'auna sarauta ce, ba sunan mutum ɗaya ba, kuma masu bincike sun rabu, wasu na nuna Ramsis na Biyu, wasu ɗansa Merneptah, wanda shi ma yana cikin ɗakin. A karanta sunayen da kyau, domin mutane na wucewa ta gabansu ba su sani ba, sai sun fito suke tambaya. Duk surutun da ake yi a sama, a ɗakin nan kowa shiru yake yi ba tare da an ce masa ba.

Rana ta huɗu na fara da ganuwar Salahuddin, wadda suke kira Ƙal'a, da aka fara ginawa a 1176. A lokacin tikiti fam 550 ne. Masallacin Muhammad Ali mai kubbobi da siraran hasumiyoyi yana ciki, kuma daga farfajiyarsa ake ganin gari gaba ɗaya, har dalolin Giza in ƙura ba ta tashi ba. Awa biyu ta wadatar. Abin da ya fi tsaya mini a rai yana ƙasan tudun, masallacin Sultan Hasan da aka fara a 1356, mai rumfuna huɗu, kowace mazhaba da makarantarta. Yana fuskantar masallacin Rifa'i, inda aka binne Sarki Faruk da Shah na Iran na ƙarshe, tikiti ɗaya ne na biyun. A taswira kamar za a gangaro da ƙafa daga Ƙal'a, amma ƙofar fita tana ɗaya gefen, zagayen ya yi nisa, gara mota. Daga nan na wuce masallacin Ibn Ɗulun na shekarar 879, mai hasumiyar da matakalarta ke nannaɗe ta waje, ana hawa. Na ƙare da kabarin Imam Shafi'i, wanda ya rasu a 204 bayan Hijira. Kubbar da ke kansa an gina ta a 1211, an kuma gyara ta aka sake buɗewa a 2021. Cikin babbar maƙabartar Ƙarafa take, inda mutane ke zaune tsakanin kaburbura, lunguna sun yi kama da juna, ga ayyukan titi sun sauya hanyoyi. A je da rana, a sa direba ya jira, don samun wata motar daga can yana wuya.

Juma'a na ware wa Azhar. Titi fayau ne da safe, cikin minti goma sha biyar na isa. An fara ginin masallacin a 970, shekara ɗaya bayan Jauhar, kwamandan daular Faɗimiyya, ya kafa birnin, aka fara salla a cikinsa a 972. Ba a biyan kuɗin shiga. A je da 'yar leda a zuba takalma a riƙe, ya fi neman su cikin dubban takalma bayan sallama, kuma a isa awa ɗaya kafin huɗuba in ana son wuri a ciki. Ɗalibin nan ya zaga da ni ta gefen rumfunan da ɗaliban kowace ƙasa ke zama a da, har da na mutanen Barno. Ya tuna mini da Muhammad al-Kashnawi, malamin lissafi ɗan Katsina da ya zauna a garin har ya rasu a 1741 a gidan malamin Azhar Hasan al-Jabarti. Bayan salla muka bi ta ƙarƙashin titi muka ɓulla masallacin Husaini da kasuwar Khan al-Khalili. Kada a gwada tsallaka titin Azhar ta sama, akwai shingen ƙarfe a tsakiya. Ciniki a kasuwar irin namu ne, sai dai farashin farko ya fi namu rashin kunya. An ce mini fam 900 a kan jallabiya, na taya 300, ya rantse, na juya na yi taku biyar, ya kira ni, muka rabu a 400. Wanda ke son littattafai ya koma lungunan bayan Azhar, can shagunan suke kuma farashinsu na ɗalibai ne. Da la'asar muka bi titin Mu'izz, daga ginin Sultan Ƙalawun na 1285 har masallacin Hakim da ƙofar Futuh. A ƙafa ake yin sa, kuma ya fi kyau dab da magariba in an kunna fitilu.

Abinci bai ba ni wahala ba. Koshari, wato shinkafa da taliya da adas da soyayyar albasa da miyar tumatir, ya riƙe ni yini guda a kan kuɗin da bai kai fam 70 ba. Da safe ful, wato dafaffen wake, da ta'amiya, wadda ƙosai ce ta waken ful. Karkade zoɓo ne, mulukiya miyar lalo ce, ruwan rake kuma a kowace kwana ana matse shi a gabanka. Ruwan sha dai na gora, a kuma duba murfin. Harshe ya fi abinci wuyar haɗiya. Wanda ya yi Larabci a makaranta za a fahimce shi, amma shi ba lallai ya fahimci amsar ba, domin jimun ta koma ga, ƙafun kuma ta ɓace: Ƙal'a a bakin direba "al'a" ce, jami'i, wato masallaci, kuma "gami'". Kalmomi huɗu sun yi mini aiki fiye da nahawun da na sani: bikam, wato nawa, fen, wato ina, ala ɗul, wato miƙe, da khalas, wato shi ke nan.

Da zan sake, ga yadda zan jera. Ranar farko Giza tun buɗe ƙofa, da sabon gidan tarihin bayan azahar tunda maƙwabta ne, tikitinsa kuma a saya ta intanet tun kafin ranar. Ta biyu Fusɗaɗ a jirgin ƙasa, a haɗa da Imam Shafi'i, don ta wannan gefen ya fi kusa. Ta uku Ƙal'a da Sultan Hasan da Ibn Ɗulun. Juma'a Azhar da Mu'izz. Ranar da ta rage a bar ta ba tsari, ta Tahrir ce da kwalekwalen filafilai a kan Nilu da yamma, wanda ake haya da awa, ba da kan mutum ba, a kuma yanke kuɗin kafin a taka ciki. Farashin tikiti na tashi kusan kowace shekara, don haka a ɗora wani abu a kan alƙaluman da na kawo. Matashin ɗalibi, in yana da katin ɗalibi na ƙasa da ƙasa, rabin kuɗi yake biya. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin zuwa, amma da rigar sanyi, don dare na sauka har wajen digiri 10, ya fi hunturun Kano shiga ƙashi. Kada a ɗauki hoton ɗan sanda ko soja ko shingen bincike, kada kuma a sako jirgi maras matuƙi na ɗaukar hoto cikin kaya, a filin jirgi za a karɓe shi. Fasfo ya zauna a otal, a yawo da kwafinsa da na shafin biza. Ranar komawa a bar otal awa huɗu kafin tashi, domin ana binciken kaya tun a ƙofar tasha kafin a kai wurin awo, a sake wani kafin shiga jirgi. Sauran fam da ya rage a aljihu a kashe shi ko a mayar da shi dala a can, don na dawo da fam 600 Kano na rasa ɗan canjin da zai karɓa.